Shekarar da Aka Ƙi Zuwa Gayyata

Ku 'ya'yana, na ji yadda kuke ba da labarin nan a majami'a, kuma kowace shekara sai ya ƙara ƙiba. Bara na ji jikata tana gaya wa ƙawarta wai mala'iku ne suka sauko suka yanke wa kakanta riɗi, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba, wai kuma baffanku Sale mugu ne mai jajayen idanu. Na yi dariya har da hawaye, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan soyayya na san daɗin ƙara wa labari gishiri, to amma wannan ba ya bukata. Zan rubuta shi yadda ya faru. Mahaifiyarku ga ta nan zaune a kan angareb, gadon nan namu na igiya, tana yanka kuɓewa, duk inda na karkace za ta mayar da ni hanya.

Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji. Da ya iso Gadarif a ƙasar Sudan guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya ci gaba. Baƙar lakar nan tamu ta riƙe masa ƙafa. A nan aka binne shi, a nan aka binne mahaifina, amma har Inna ta tsufa ba ta daina cewa mu matafiya ne ba, mun ɗan tsaya shan ruwa ne. Da mahaifina ya rasu aka raba gona tsakanina da yayana Sale. Shi ya ɗauki ɓangaren dawa, ni aka ba ni wanda ya gangara wajen kwari, inda riɗi ke yi. Sale mutum ne mai nauyi, ba ya magana sai ya auna. Ni kuwa auta ne, hankalina kullum yana wani wuri. Ɗan karatun Larabcin da na yi ban yi komai da shi ba sai karanta ƙananan littattafan nan da ake shimfiɗawa a ƙasa kusa da tashar lori, masu hoton budurwa tana kallon teku. Ban taɓa ganin teku ba, amma na san yadda ake tsayawa a bakinsa a yi kuka.

Da irin wannan kai na hangi mahaifiyarku Hauwa a Showak, tana taya gwaggonta sayar da shayi a inda motoci ke tsayawa. Na sha shayi ran nan har cikina ya fara ƙara, sannan na yi ta maza na faɗa mata wata magana da na haddace, cewa idanunta sun fi taurarin kaka haske. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ustaz," in ji ta, "da sukari ko babu?"

Tun ranar take kirana Ustaz, har yau ba ta sauya ba. Ban cika shekara da aurenta ba na tafi aikin tarakta a Gadambaliya. A sansanin ma'aikata, wanda muke ce wa kambo, in an ci abincin yamma nakan karanta wa mutane littafina a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar ciyawa, su yi ta ihu in saurayi ya ƙetare kogi domin masoyiyarsa. Akwai wani dattijo daga duwatsun Nuba mai suna Tiya, shi ke dafa mana abinci. Shi ba ya ihu, murmushi kawai yake yi. Wata rana na rufe littafi bayan saurayin ya mutu a ƙofar gidan budurwarsa, sai Tiya ya yi magana.

"Ya zol, bawan Allah, duk masoyan nan naka suna mutuwa ne domin kyakkyawa mai son su. Ka taɓa karanta wanda ya mutu domin wadda ta tofa masa yawu?"

"Wannan ai ba zai sayu a kasuwa ba," na ce.

"Ba sayarwa ake yi ba. Zo ka taya ni kankare tukunya in ba ka shi kyauta."

A bakin tukunyar nan na fara jin labarin Yesu Almasihu yadda ban taɓa ji ba. Tun ina yaro na san sunan Annabi Isa, ina girmama shi, amma ba wanda ya taɓa gaya mini cewa ya ɗauki gicciye ne a madadina, ni Haruna na unguwar Hausawa, tun ban san shi ba, tun ban nemi komai a wurinsa ba. Kullum bayan aiki ina komawa wajen tukunya. Abin da ya kama ni shi ne, duk masoyan da na sani labarinsu yana ƙarewa a kabari, a rufe littafi a share hawaye. Wannan kuwa ya tashi, kuma yana kira a bi shi. Da Tiya ya ga na fara yawo ina murmushi ni kaɗai, sai ya tare ni.

"Haruna, jin daɗin labari daban, bin mai labarin daban. Albarkarsa a nan duniya da cetonsa a can, duka suna bayan sawunsa. Wanda ya tsaya a gefen hanya yana tafi ba zai same su ba."

Na ce zan bi. Kafin damina ta ƙare aka yi mini baftisma, na dawo gida na faɗa da bakina, don ban so su ji a bakin wani. Inna ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Sale ya tashi ya fita. Hauwa ta ce, "Na ji," ta ci gaba da sallarta, ni kuma na ci gaba da cika mata buta. A unguwa ba wanda ya ɗaga mini hannu, ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ce kawai ta yi gajarta, har ta zama ɗaga gira.

Ku da kuka tashi a birni ba ku san halin riɗi ba, bari in gaya muku. Dawa tana da haƙuri, in ta nuna za ta jira ka a kan kararta. Riɗi ba ya jira. Da ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, 'yan kwanaki ne gare ka. Dole a yanke shi kwanson yana rufe, a ɗaure dami-dami, a jingina su a tsaye su bushe. In ka makara kwanson zai buɗe baki a gona, ƙwayar ta zube cikin tsagar laka, ba mai tsinto ta. Shi ya sa ba mai yankan riɗi shi kaɗai. Masu manyan gonaki suna ɗaukar jango, ma'aikatan kaka masu zuwa daga ko'ina. Mu ƙanana kuwa gayya muke yi, wadda Larabawan nan ke ce wa nafir. Yau a taru a gonar wane, gobe a ta wane, matar mai gona ta tuƙa tuwo ta aika. Ba a biyan kowa. Amma dokar da kowa ya sani ita ce, in ka sa hannu a tuwon gayya, to ka ɗauki lauje. A shekarar nan riɗina ya yi kyan da bai taɓa yi ba, ya kai mini ƙirji. Shi ne abincinmu na shekara, shi ne suturarmu, ga Hauwa kuma da cikin yayarku. Na bi gida-gida na gayyaci mutane zuwa ranar Asabar. Kowa ya ce in Allah ya yarda, yana kallon ƙasa.

Ranar Alhamis da hantsi Sale ya same ni a gona. Ya karya kwanso ɗaya ya murza a tafinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ba za su zo ba, Haruna. Ka sani."

"Na sani, Yaya."

"To saurara. Ban tambaye ka abin da ke cikin zuciyarka ba, wannan tsakaninka da Allah. Gobe Juma'a. Ka zo ka tsaya a sahu kusa da ni, mutane su gan ka. Ko bakinka kada ka motsa. Asabar da asuba ni da kaina zan kawo maka unguwa duka, kafin azahar an gama."

Ku rubuta wannan a zukatanku: baffanku bai zo da mugunta ba. Ya zo ne da iyakar abin da ƙauna ta nuna masa. Idonsa ya yi ja ran nan, gaskiya ne, amma don bai yi barci ba ne saboda ni. Na ce masa na gode, amma wanda nake bi bai ɓoye fuskarsa ba ranar da ya tsaya domina, ni ma ba zan ɓoye tawa ba. Ya watsar da ƙwayoyin da ke hannunsa.

"Tsayuwa ce kawai, ƙanena. Tsayuwa!"

"Ita ce dai, Yaya."

Da la'asar Inna ta zo da kanta, tana dogara sanda. Ta ƙi zama a tabarma, ta tsaya a bakin zaure.

"Auta, kakanka ya taka ƙasa tun daga Haɗeja fuskarsa na gabas. Ƙafarsa ta tsage, ya binne 'ya'ya a hanya. Kai kuma da ka zo sai ka juya?"

"Inna, kakana gafara ya fito nema. Ni ban raina tafiyarsa ba. Gafarar ce ta tarye ni a hanya."

"Kullum bakinka da zaƙi. Zaƙin baki za ka ba yarinyar mutane ta ci?"

Wannan ta shige ni. Bayan Inna ta tafi na zauna na shirya jawabi, irin na littafi, mai hawa da sauka. Zan gaya wa Hauwa cewa ba zan iya tsayawa a sahu ba, riɗi zai zube, yunwa za ta shigo, saboda haka in tana son komawa Showak wurin iyayenta ba zan riƙe ta ba, zan zauna da tunaninta kamar yadda kwari ke zama da tunanin ruwa. Na same ta a madafa tana tankaɗe garin dawa. Na tsaya na yi jawabina tun daga farko har ƙarshe, na sa hannu a ƙirji a inda ya kamata. Ina jiran ta fashe da kuka.

"Ka gama, Ustaz?"

"Na gama."

"To riƙe mini bakin buhun nan." Na riƙe. Ta ci gaba da zuba gari. "Ni Musulma ce, kuma sahun nan da ake ce maka ka tsaya, ni ba wasa ba ne a wurina. Da ka je ka tsaya a ciki da ƙarya, da ka raina Ubangijina ka raina naka, ran nan ne zan hau lorin Showak. Mai gaskiya kuwa ko kunun kanwa zan sha da shi."

"To garin nan fa mai yawa haka?"

"Ba gayya ka kira ba? Ni aikina tuwo. Zuwa kuma nasu ne."

Duk littattafan da na karanta, babu budurwar da ta taɓa faɗin magana mai daɗin wannan, ga ta kuwa da gari har a gira.

Asabar tun da sassafe na shiga gona da laujena. Na durƙusa a bakin kunya na ce, Ubangiji Yesu, na bi ka, ga gona, ka yi yadda ka ga dama. Na fara yanka. Rana ta ɗaga, ba kowa. Nakan ɗago in duba hanyar unguwa, sai in ga awaki. A bakin gona dai na tarar da lauje masu yawa an ɗaure su da igiya an ajiye, duk an wasa su. Na san ɗaurin Sale ne, shi kaɗai ke yin irin wannan ƙulli. Bai zo ba, bai kuma taɓa amsa cewa shi ya ajiye ba.

Da rana ta take Hauwa ta iso da jaki, an ɗora masa tuwon da zai ƙosar da unguwa, da miya a babbar tukunya. Yanzu haka ta ce in rubuta miyar busasshiyar kuɓewa ce, ba kuka ba, kamar yadda kuke faɗa. Ta dubi ɗan abin da na yanka, ta dubi gonar da ta rage, ta dubi tuwo. Ba ta sauke ba. Ta ja jakin ta nufi babbar hanya, na bi ta ina tambaya. A can gindin wata ƙaya akwai jango a zube, sun fi goma, da ƙullin kayansu. Lorin da zai kai su wata babbar gona ne bai zo ba tun jiya, ba su ci komai ba. Mala'ikun da kuke faɗa ke nan. Takalmansu na tayar mota ne, wani ma igiya ya ɗaure nasa da ita. Akwai mutanen yamma, akwai na kudu, akwai Bahabashe ɗaya. Babbansu wani dogo ne mai gibi, ana ce masa Abbakar. Hauwa ta tsaya nesa kaɗan ta yi sallama.

"Bayin Allah, ga abinci. Amma ku ji kafin ku ci. Tuwon gayya ne. Maigidana ya bi Almasihu, shi ya sa mutanensa suka ƙi zuwa."

Abbakar ya buɗe murfi, tururi ya bugi fuskarsa. Ya dubi mutanensa.

"Hajja, tuwon shi ma ya bi Almasihun?"

"Tuwon dawa ne, ni na tuƙa, da bisimilla."

"Halas. Ya jama'a, ku wanke hannu."

Suka ci har suka side tukunya. Ban roƙe su komai ba, na tsaya riƙe da igiyar jaki. Da suka gama Abbakar ya miƙe ya yi miƙa, ya ce mini, "Ina gonar, ya zol? Mu ba mu cin tuwon gayya mu kwanta." Laujen da aka ajiye mini suka shiga hannu. Ban taɓa ganin yanka irin nasu ba. Suna tafe a jere, suna waƙa da harshen da ban sani ba, riɗi yana kwantawa a bayansu, ni da Bahabashen muna ɗaurewa muna jinginawa. Da la'asar ta yi yawancinsu suka yi taimama suka yi salla a bakin gonata, ni kuma na tsaya gefe na yi tawa addu'ar. Abbakar ya sallame ya dube ni ya ce, "Ka roƙa mana lori ya ƙara makara." Muka yi dariya. Suka kwana a rakubar gona, washegari suka tashi da aiki tun da sanyi. Hantsi bai gama yi ba muka ji ƙahon lori daga hanya. Suka ajiye lauje, suka ɗauki ƙullinsu da gudu. Ban ƙara ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sun yanke fiye da rabi. Sauran ni da Hauwa muka fuskanta, ina yanka tana ɗaurewa a zaune, da cikinta. Ba mu cim masa ba. Ranar da ya fara fashewa ina tsakiyarsa, da tsakar rana, iska ta tsaya cik. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, ta kowane gefe, kamar ana taka busasshen ganye a hankali. Kwanso ne ke buɗewa. Na ga ƙwaya fara tas tana gangarawa cikin tsagar laka. Na san wannan ɓangaren da na tsaya a sahu da yanzu yana cikin dami. Na tsaya na saurara har ƙarshe, ina jiran baƙin ciki ya zo ya kama ni, bai zo ba. Abin da na ji a ƙirjina wani sanyi ne, irin na mutumin da aka san shi ciki da waje kuma ake ƙaunarsa a haka.

Wannan nake so ku gane, ku da kuke son labarin da babu asara a ciki. Na yi asara. Sale bai ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da ni ba har ya bar duniya, ko da yake duk wanda aka haifa a cikinku sai ya aiko da rago. Amma na shaida da idona cewa Almasihu ba ya barin wanda ya bi shi. Ban kira mutanen nan ba, ban hana lori zuwa ba, ban sa wa Hauwa maganar nan a baki ba. Bayan wasu damuna ita ma ta bi shi da ƙafarta, ba don ni ba, kada wani ya ƙara cewa soyayya ce ta ja ta. Gidanmu bai taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai albarkar ba a gaban bi take zuwa ba, a bayansa take. Da na ce a fara cika mini buhu sannan in bi, da ban ga komai ba. Haka ma rai madawwami. Ba ku gaje shi daga wurina kamar gona ba. Kowannenku sai ya bi da kansa, a fili, ranar da bin yake da tsada.

Da dammunan suka bushe muka shimfiɗa tabarmi, muna kifa kowane dami muna kakkaɓewa, riɗi yana zubowa da ƙara kamar yayyafi a kan rufin ciyawa. Al'adarmu ce mudun farko na uwa ne. Na cika ƙwarya na rufe da faifai, amma ƙafata ta yi nauyi, don tun ranar nan Inna ba ta yi mini magana ba. Hauwa ta karɓa ta kai. Ta dawo hannu wofi, ta ce Inna ta karɓa.

Bayan kwana biyu ina gyaran buhu a tsakar gida sai na ji ƙarar sanda a zaure. Inna ce, da ƙwaryar a hannu. Wannan karon ta shigo, ta zauna a tabarma. Ta buɗe faifai, ga kantun riɗi ta yi da zuma, irin wanda take yi mini ina yaro. Ta ɓalli ɗaya ta miƙo mini.

"Ban yarda da hanyarka ba, Auta. Kullum ina roƙon Allah ya juyo da kai."

"Ni ma ina yi miki addu'a, Inna."

"To ci gaba, mu ga wanda za a amsa wa." Ta dubi buhunan da ke jingine da bango, ta daɗe tana kallo. "Riɗin ya yi mai. Ci, kafin matarka ta cinye."